Ƙofofin da Adabi ke Bi Kafin Ya Shiga Aji: Tarken Tsarin Amincewa da Sabon Kwas a Jami'o'in Nijeriya

Gabatarwa

Ɗalibin da ya karɓi takardar rajista a farkon zangon karatu yakan ga jerin kwasa-kwasai, kowanne da lambarsa da sunansa da adadin yunit ɗinsa, kuma da wuya ya tambayi wanda ya jera su. A wurinsa manhaja kamar ganuwar gari take, ya tashi ya same ta a tsaye. Alhali kowane layi da ke cikin wannan takarda hukunci ne da wasu mutane suka zartar a wani zaure, bayan an kawo shawara an yi muhawara, an karɓi wani abu an ture wani. A fannin adabi wannan hukunci yana da nauyi na musamman, domin littafin da aka sa a manhaja shi ne za a ci gaba da bugawa da saye da rubuta kundi a kansa, wanda aka bari a waje kuwa yakan rayu gwargwadon ƙarkon takardarsa.

Saboda haka manhajar adabi ita kanta aikin tarke ce, kuma ta fi duk wani sharhi da ake bugawa a mujalla tasiri, tunda ita ce ke da ikon tilasta wa dubban ɗalibai karatu. Tarken da ya kai wannan ƙarfi ya cancanci a tarke shi. Wannan maƙala za ta bi hanyar da sabon kwas ko sabon digiri ke bi a jami'o'in Nijeriya kafin a amince da shi, sannan ta auna hanyar da tarihin ƙagaggun labaran Hausa. Matsayinta shi ne cewa tsarin ya ƙware wajen ƙidaya malamai da kujeru da kantocin littattafai, kuma wannan ƙwarewa ta tsare mana abubuwa masu daraja, amma yana da rauni wajen gane sabon adabi a lokacin da yake raye.

Hanyar da Sabon Kwas ke Bi

Sabon kwas yakan faro ne daga malami guda ko 'yan malamai da suka hango giɓi a abin da ake koyarwa. Sukan rubuta takardar shawara mai ɗauke da sunan kwas ɗin, da matakin da za a koyar da shi, da manufarsa, da batutuwan da zai ƙunsa, da yunit ɗinsa. Yunit ɗaya a ƙa'ida yana nufin sa'a ɗaya ta lacca a kowane mako har tsawon makonni 15 na zango. Ƙofar farko ita ce taron malaman sashe, ta biyu taron tsangaya, ta uku kwamitin tsare-tsaren karatu wanda ofishin daraktan tsare-tsare ke yi wa aiki, ta huɗu kuwa Majalisar Dattawan Jami'a, inda shugaban jami'a ke jagorantar farfesoshi da shugabannin tsangayoyi da na sassa. Dokar da ta kafa kowace jami'a ta ɗora wa wannan majalisa alhakin duk abin da ya shafi koyarwa da jarrabawa da ba da digiri.

Idan kuwa sabon digiri ne sukutum ake son buɗewa, amincewar majalisa ba ta isa ba. Sai an nemi izinin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita kuma ta turo tawagar gani da ido don ta duba ko akwai malamai da azuzuwa da ofisoshi da littattafai. Bayan ta yarda ne sunan digirin zai shiga jerin da hukumar JAMB ke nuna wa masu neman gurbi. Idan shirin ya ɗan kwana biyu, kafin rukunin farko su kammala, sai wata tawaga ta zo tantancewa. Sakamakonta iri uku ne: cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ko ta wucin gadi ta shekara biyu, ko ƙi, wanda ke jawo a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Cikakkiyar amincewa tana bukatar maki 70 cikin ɗari a jimla, da kuma irin wannan maki a kowane ɗaya daga manyan rukunai huɗu, wato abin da ake koyarwa, da malamai, da gine-gine da kayan aiki, da ɗakin karatu. A tsangayar fasaha ana son malami ɗaya ga ɗalibai 30, kuma ana son malaman su rabu kashi uku: 20 cikin ɗari masu matsayin farfesa, 35 manyan malamai, 45 na ƙasa da su.

Wannan iko bai zo wa hukumar a rana ɗaya ba. An kafa ta a 1962 a matsayin ofishin ba da shawara, ta zama hukuma mai cikakkiyar doka a 1974, kuma Farfesa Jibril Aminu ne babban sakatarenta na farko a wannan sabon matsayi. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ce ta ba ta ikon shimfiɗa mafi ƙarancin mizanin karatu da tantance digirori. Daga nan aka sami kundin mizani na 1989, sai wanda ake kira BMAS na 2007, sai kuma CCMAS da aka ƙaddamar a watan Disamba na 2022, lokacin da Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, ke riƙe da hukumar.

Abin da Tsarin Ya Tsare

Adalci ne a fara da alherin wannan doguwar hanya. Digiri alkawari ne tsakanin jami'a da yaron da iyayensa suka sayar da amfanin gona ko suka ci bashi don ya yi karatu. Idan aka buɗe shiri ba malamai ba littattafai, shekara huɗu na rayuwarsa ne suka salwanta, kuma wanda ya fito daga shirin da ba a amince da shi ba yana iya rasa damar zuwa hidimar ƙasa. A ƙasar da jami'o'i suka ƙaru daga biyar a 1962 zuwa fiye da 200, inda hukumar kan buga jerin sunayen jami'o'in bogi don faɗakar da jama'a, cire masu gadin ƙofa ganganci ne. Haka nan tsoron tawagar tantancewa ya sha tilasta wa hukumomin jami'o'i su ɗauki malamai, su gyara azuzuwa, su sayo littattafan da sassa suka daɗe suna roƙo ba a saurare su ba.

Jinkirin ma yana da fa'idarsa a fannin adabi. Ba duk abin da ya yi tashe a bana ne zai kai baɗi ba, kuma aji wuri ne mai ƙarancin lokaci, domin kowane littafi da ya shiga sai ya ture wani. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Malamin da ya ɗoki wani sabon salo yana bukatar abokan aiki da za su tambaye shi: me ɗalibi zai karanta, da wane ma'auni za a nazarce shi, wa zai koyar idan kai ka tafi hutun bincike? Waɗannan tambayoyi na gaskiya ne. Matsalar tana farawa ne daga inda tambayoyin suka tsaya a kan abin da ake iya ƙirgawa, suka bar abin da sai an karanta ake gane shi.

Adabin da Aka Haifa a Hannun Hukuma

Kafin a fahimci yadda zauren jami'a ke kallon sabon littafin Hausa, sai an tuna yadda tsofaffin suka samu. Ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun hukuma aka haife shi. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Gasar da ya shirya a 1933, da nufin samar wa makarantu abin karantawa, ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Magana Jari Ce ma daga wannan gida ta fito. Bayan Hukumar Talifi aka yi NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC na Zariya daga 1966. Gasar NNPC ce ta ba mu Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid da Amadi na Malam Amah na Magaji Ɗambatta a 1980, gasar Sashen Al'adu na Tarayya kuma ta fito da irin su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982.

Ma'anar wannan tarihi ita ce, kusan shekara hamsin, littafin Hausa yakan iso aji da hatiminsa a goshi. Alƙalan gasa sun zaɓe shi, edita ya gyara masa rubutu, kamfani mai alaƙa da gwamnati ya buga shi, ɗakunan karatu sun saya. Kwamitin manhaja bai taɓa bukatar ya yanke hukunci da kansa a kan ingancin littafi ba, domin wasu sun riga sun yi masa tankaɗe da rairaya. Ba a musun darajar waɗannan littattafai, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai wannan sauƙi ya bar wa sassanmu wata ɗabi'a: ɗaukar hatimin mawallafi a matsayin shaidar inganci, da ɗaukar rashinsa a matsayin shaidar akasin haka.

Jarrabawar da Kasuwar Kano Ta Yi wa Jami'a

A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya tsuke kuma manyan kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta, sai matasa suka fara buga labaransu da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza kasuwa da In Da So Da Ƙauna, ƙungiyar Raina Kama ta tara marubuta, Bilkisu Ahmed Funtuwa ta shiga ɗakunan matan aure da Allura Cikin Ruwa. A karon farko a tarihin boko a ƙasar Hausa, mata da yawa suka zama marubuta, suka kuma zama mafi yawan masu karatu. Auren dole da kishi da saki da ilimin 'ya mace suka zama jigogin da ake tattaunawa a rubuce daga bakin waɗanda abin ya shafa.

Wannan adabi ya iso ba tare da hatimin kowa ba, don haka ya zama jarrabawa ga masana. Muhawarar da ta biyo baya a shekarun 1990 ta gudana ne a shafukan jaridu irin su Nasiha da New Nigerian. Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa sunan Adabin Kasuwar Kano bisa kwatanci da na kasuwar Onica, ya soki raunin rubutun da aron al'adun waje, kuma sukarsa ta mai karatu ce da ya san abin da yake magana a kai. Abin lura shi ne daga ina fitattun masu kare wannan adabi suka fito. Abdalla Uba Adamu a lokacin farfesan ilimin koyar da kimiyya ne, Yusuf Adamu masanin labarin ƙasa ne, Ibrahim Sheme ɗan jarida ne. Babban jerin sunayen waɗannan littattafai na 1987 zuwa 2002 kuwa Graham Furniss na Jami'ar Landan ne ya haɗa shi tare da Malami Buba da William Burgess, aka buga a Jamus a 2004. Alhaki Kuykuyo Ne ya fita da Ingilishi a 2012, fassarar Aliyu Kamal, daga wani kamfani na ƙasar Indiya. Wato mafi girman juyi da ya auku a rubutun zube na Hausa ya sami masu yi masa rajista da masu tsaya masa, a farkon al'amari, daga wajen ɗakunan da aka gina musamman don nazarinsa.

Kuskure ne a ɗora wannan a kan ƙyashi ko ra'ayin riƙau na ɗaiɗaikun malamai. Ɗalibai da yawa sun rubuta kundayen digiri a kan waɗannan littattafai ƙarƙashin kulawar malaman Hausa. Tarnaƙin yana cikin tsarin kansa. Kafin a amince da kwas ana tambayar wa ya ƙware a fannin, kuma mene ne a ɗakin karatu. Ƙwararre yana samuwa ne idan an koyar da fannin har wani ya yi digirin digirgir a kansa. Ɗakin karatu yana sayen abin da ke cikin manhaja, ta hannun 'yan kwangilar da ke neman rasiɗi da lambar littafi, abubuwan da mai rumfa a kasuwa ba shi da su. Kwas yana jiran malami da littafi, malami da littafi suna jiran kwas. A cikin wannan zaman jiran juna ne ɗimbin littattafan da aka buga a takarda mai araha suka ruɓe a ƙarƙashin katifu da rumfunan haya, kuma abin da ya ɓace daga cikinsu ba zai dawo ba.

Fim ya gamu da tarnaƙi na biyu, wato rikicin iyaka. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, fim ɗin Hausa ya zama babbar hanyar da labari ke isa ga jama'a, har aka yi masa babban taron masana a Kano a 2003. Amma gonar wa ce? Sashen Hausa zai ce harshe da al'ada nasa ne, sashen wasan kwaikwayo zai ce dandali nasa ne, masu aikin jarida za su ce kyamara tasu ce. A zauren majalisa kowane sashe yana tsaron yunit ɗinsa kamar yadda manomi ke tsaron kan iyakar gona, domin yawan ɗalibai da guraben ɗaukar malamai sun rataya a kansu. Ko da hukumar ta rarraba digirin aikin jarida zuwa rassa bakwai, har fim ya sami nasa reshe, tambayar ba ta warware ba: mai nazarin kyamara bai cika sanin karin magana da habaici ba, mai nazarin habaici kuma ba a koya masa karanta hoto ba.

Harshen Takarda da Ma'aunin Aro

Akwai wani abu da sabo ya hana mu gani. Takardar neman amincewa da kwas ɗin Hausa da Ingilishi ake rubuta ta, da Ingilishi ake muhawara a kanta a majalisa, da Ingilishi hukumar ƙasa ta wallafa mizaninta. Mafi yawan waɗanda za su yanke hukunci, masana sinadarai ne ko likitoci ko injiniyoyi, ba za su taɓa karanta ko shafi ɗaya na littattafan da ake magana a kansu ba. Abin da za su iya dubawa shi ne ko lambar kwas ta yi karo da wata, ko yunit ya cika, ko an bi fasalin takarda. Idan takarda ta yi kyau sai ta wuce, ko da abin da ke cikinta maimaici ne. Idan ta yi ƙaiƙayi a ido, misali aka ga kalmar soyayya ko sunan mawaƙin zamani, sai murmushi ya zagaya zauren, a mayar da ita a ce a sake dubawa.

Sabon mizani ya bukaci kowane kwas ya zo da jerin abubuwan da ɗalibi zai iya yi bayan kammalawa, a rubuce cikin kalmomin da ake iya aunawa: ya lissafo, ya rarrabe, ya bayyana. Wannan yana da amfani wajen hana malami shiririta. Amma babban abin da karatun adabi ke bayarwa, wato kunnen da ke jin bambanci tsakanin jimla mai rai da matacciya, da zuciyar da ke iya zama cikin halin wani, ba ya shiga wannan ma'auni cikin sauƙi. Abin da ke shiga shi ne abin da ake haddacewa. Hanyoyin nazari da manyan malamanmu suka shimfiɗa, irin su gadon feɗe waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo da jagoran nazarin waƙar baka na Sa'idu Muhammad Gusau, an ƙirƙiro su ne don su buɗe wa ɗalibi ido. Da tsarin takarda ya kama su, sai suka zama gurabun cikewa a hannun ɗalibai da yawa: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo, a zuba kowane matani a ciki a fitar da kundi mai kama da na bara. Laifin ba na masu hanyoyin ba ne. Tsarin da ke saka wa abin da ya dace da fom shi ne ya mayar da makulli ya zama kwaɗo.

A nan ne kuma ya kamata a ambaci abin da jaridu da malamai suka daɗe suna kokawa a kai, wato kwalliyar ranar tantancewa: aron malamai daga maƙwabciyar jami'a, da aron littattafai a jera a kanta, da fenti na dare ɗaya. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Duk ma'aunin da ya dogara ga ƙidaya ta kwana biyu ko uku yana koya wa mutane yadda za su cika lissafi. Tawagar da ta ƙirga kwafi nawa ke kan kanta ba lallai ta tambayi ko sashen ya adana rubutun ajami, ko faifan Mamman Shata da Ɗanƙwairo, ko littattafan kasuwa na shekarun 1990 ba, alhali waɗannan su ne ɗakin gwaje-gwajen mai nazarin Hausa.

Kashi Talatin: Dama ko Sadaka?

Tsarin CCMAS ya raba manhaja biyu. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A digirin shekara huɗu mai yunit 120, wannan yana nufin 84 na hukuma, 36 na jami'a. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi tir da tsarin a 2023, tana cewa ya ƙwace ikon da doka ta ba majalisun jami'o'i. Hukumar ta amsa cewa farfesoshin jami'o'in ne suka rubuta kundin, kuma a tsohon tsari ita ke shimfiɗa mizanin gaba ɗaya, don haka kashi 30 ƙarin 'yanci ne.

Kowane ɓangare yana da hujja, amma ga mai nazarin adabin Hausa tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me aka yi da yunit 36 ɗin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'ar da ke Sakkwato tana zaune a kan taskar waƙoƙin masu jihadi da na Nana Asma'u. Ta Kano tana tsakiyar kasuwar littafi da masana'antar fim. Ta Zariya tana maƙwabtaka da gidan da aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ta Katsina tana da makarantun Gobarau da tarihin malamanta a bayanta. Babu dalilin da zai sa digirin Hausa na waɗannan wurare ya zama kwafin juna. Idan sassa suka cike gurbin da tsofaffin kwasa-kwasai da aka sauya wa suna, to ƙorafin ƙwace iko ya rasa rabin ƙarfinsa, domin ikon da aka bari ma ba a yi amfani da shi ba.

Jarrabawar kasuwar Kano kuwa tana maimaita kanta a gaban idonmu. Mafi yawan ƙagaggun labaran Hausa na yau a WhatsApp da Facebook da Wattpad ake rubuta su, babi-babi, masu karatu suna tsoma baki kafin marubuciya ta kai ƙarshe, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun daga 2016, ta fito da ɗaruruwan gajerun labaran mata. Wannan adabi ya fi na takarda saurin ɓacewa. Da dandalin OkadaBooks ya rufe a 2023, ya nuna cewa kantin littattafai guda yana iya shafewa ba tare da gobara ba. Idan sassan Hausa suka jira sai an sami farfesa a fannin da kanta cike da littattafai, za su iso bayan kasuwa ta watse, karo na biyu.

Kammalawa

Gyaran da ake bukata ba ya neman a rushe ƙofofin. Yana neman a sa wa wasunsu masu gadi da suka iya karatu, a kuma buɗe wata 'yar ƙofa ta gwaji. Kowane sashen adabi ya cancanci kwas ɗaya ko biyu na batutuwa na musamman, wanda majalisa za ta amince da gurbinsa sau ɗaya, tsangaya kuma ta riƙa sauya abin da ke cikinsa duk shekara biyu. A nan ne za a gwada sabon adabi, wanda ya nuna ƙarko ya zama kwas na dindindin, wanda bai nuna ba ya wuce ba tare da asara ba, tunda sai an gwada akan san na ƙwarai. Ta wannan hanya malami zai ƙware yana koyarwa, ɗakin karatu kuma ya sami dalilin saye.

Haka nan ya kamata kowace shawarar kwas ta zo da cikakken bayani cikin Hausa tare da jerin matanonin da za a karanta, a aika wa masana biyu na wasu jami'o'i su karanta matanonin da kansu, su rubuto ra'ayi, majalisa ta yi hukunci bisa wannan ra'ayi. Idan an ƙi shawara, a rubuta dalili, domin ƙin da ba shi da dalili a rubuce ba a iya yi masa raddi, kuma tarke ba ya rayuwa inda babu raddi. Tawagar tantancewa ta riƙa ba da maki ga taskar da sashe ya tara da hannunsa, ta ajami da faifai da littattafan kasuwa da labaran intanet da aka adana da izinin masu su. Tsofaffin kwasa-kwasai ma su riƙa zuwa gaban sashe duk shekara biyar su kare zamansu, kamar yadda sababbi ke kare shigarsu. Marubuta da makaranta, ta hanyar ƙungiyoyinsu, a ji ta bakinsu a matakin sashe, ko da ba su da ƙuri'a.

Littattafan 1933 sun sami East da hukumarsa, na 1980 sun sami alƙalan gasa da NNPC. Marubutan yau ba su da hukumar talifi, kuma jami'a ce kaɗai cibiyar da ta rage mai ikon karantawa da tacewa da adanawa. Idan ta ƙi ɗaukar wannan nauyi saboda fom bai tanadi gurbinsa ba, masu nazari na gaba za su nemi adabin wannan zamani a ɗakunan karatu na ƙasashen waje, in an yi sa'a wani ya tara.